Yadda Ake Dawo da Baƙin Robar Jikin Tsohuwar Mota Bayan Ta Koɗe

Sau da yawa robar jikin mota takan riga fentinta tsufa. Duk wanda ya riƙe Honda CR-V ƙirar shekarun 2002 zuwa 2006, ko Golf 3 mai baƙar bamba, ya san yadda abin yake: inji lafiya lau, fenti yana ɗaukar ido idan an wanke, amma bamba da robar gefen ƙofofi da wadda ke ƙarƙashin gilashin gaba duk sun yi fari-fari kamar an barbaɗa musu toka. Yawancin waɗannan motoci sun sha rana shekara da shekaru a Turai ko Amurka kafin su iso hannunmu, sannan suka zo suka tarar da ranar Kano da Sakkwato da Maiduguri, inda zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, ga kuma ƙurar hunturu da ke shiga kowane lungu. Gyaran ba shi da wuya, kuma mai mota zai iya yin sa da hannunsa a cikin gida, amma yana bukatar a fahimci abin da ya lalace tukuna, domin kuwa yawancin abin da ake shafawa a wuraren wankin mota ɓoye matsalar yake yi na 'yan kwanaki, ba gyara ta ba.

Abin da ke sa robar ta koɗe

Mafi yawan baƙar robar da ke wajen mota ana yin ta ne da wani nau'i mai suna folifirofilin, wani lokaci tsantsarsa, wani lokaci a gauraye da roba mai taushi domin ta jure bugu. Idan aka cire bamba aka duba bayanta za a ga an buga haruffa kamar PP, wato folifirofilin, ko PP+EPDM, wato wanda aka gauraya da roba mai taushi, kuma wannan tambari shi ne ke faɗin ainihin abin da aka yi ta da shi. Gidan madubin gefe da ragar gaba kuwa sau da yawa wani nau'i ne dabam mai tauri, wanda ake buga wa ABS. Baƙin launin ba fenti ba ne da aka shafa a sama. Wani baƙin gari ne mai kama da kunkunniya da ake kwaɓawa cikin robar tun tana narke, saboda haka har can cikinta baƙa ce.

Abin da ke lalacewa shi ne fatar sama kawai. Akwai wani sashe na hasken rana da ido ba ya gani, wanda ake kira UV, shi ne ke haɗuwa da iskar oksijin yana tsinka zaren da ke riƙe da robar, har samanta ya bushe, ya yi ƙananan tsage-tsage da ba a gani sai da madubin likita. Waɗannan tsage-tsage su ke watsa haske ta ko'ina, ido ya ga fari a inda baƙi yake. Mafi kusan misali shi ne ƙafar mutum lokacin hunturu, wadda takan yi fari fat idan ta bushe, da zarar an shafa mata basilin kuma sai launinta ya dawo nan take. Bambancin shi ne fatar mutum tana sabunta kanta daga ciki, ita kuwa roba ba ta da wannan baiwa, don haka idan man da aka shafa ya wanke sai ta koma yadda take, ko ma ta fi da muni saboda ƙurar da man ya kama.

Gwaji kafin a sayi komai

Kada a kashe ko sisi sai an yi gwaji uku, domin su ne za su nuna hanyar da ta dace. Na farko, a jiƙa wani ɓangare na robar da ruwa mai tsabta a duba. Idan ta koma baƙa wuluk muddin tana jiƙe, to lalacewar ba ta yi zurfi ba, kuma shafi marar launi zai wadatar. Idan ko da ruwan a kanta tana nan toka-toka ko dabbare-dabbare, to sai an mayar mata da launi, ko da rini ko da fenti. Na biyu, a karta da farce a wurin da ba a gani sosai. Idan farin gari ya biyo farcen kamar alli, fatar sama ta mutu, dole a kankare ta kafin a shafa komai. Idan kuma robar tana ɓarewa ko tana tsagewa da an danna ta, to ta wuce gyara, canji ne maganinta. Na uku, a ɗauki kilina irin ta 'yan makaranta a goga a kan farin tabon da ke bakin robar, kusa da fenti. Idan tabon ya fita, to ba koɗewa ba ce tun farko, ragowar folish ne da ya maƙale lokacin da aka goge fentin motar, kuma wanki kaɗai zai raba shi da ita.

Akwai abu ɗaya da ake yawan mantawa, wato duba asalin launin. Ba kowace robar da ta yi fari ce ta fito baƙa daga kamfani ba. Pontiac Vibe ta farko, wadda ta fara fita a ƙirar 2003 kuma ta cika titunanmu, yawancinta robar gefenta launin toka mai duhu ce. A leƙa bayan robar ko ƙasan bamba inda rana ba ta taɓawa, launin da aka gani a can shi ne ake neman dawowa da shi, domin idan aka shafa baƙin rini a kan robar da asalinta toka ce, an sauya wa motar kama ke nan, kuma cire rinin ba ƙaramin aiki ba ne.

Kayan aiki, wuri da lokaci

Ana bukatar bokiti biyu, sabulun ruwa na wanke kwanoni ko sabulun cire maiƙo na mota, buroshi mai gashin roba matsakaicin tauri, tsohon buroshin haƙori domin lunguna, tawul masu laushi marasa zubar da zare guda huɗu ko biyar, ƙaramin soso na shafi, tef ɗin takarda irin na masu fenti, safar hannu ta roba, da farin sifirit marar launi irin wanda ake sayarwa a kemis. Sai kuma maganin da gwajin ya nuna.

A yi aikin a inuwa, jikin motar a sanyaye, domin baƙar roba a tsakar rana takan yi zafin da hannu ba ya jurewa, kuma duk abin da aka shafa a kanta zai bushe kafin ya shiga, ya bar zane. Sassafe ya fi dacewa. A guji ranar da iskar hunturu ke kaɗawa da ƙura, a kuma guji ranar damina da hadari ya haɗu, sai fa idan akwai rumfa ko gareji da motar za ta kwana a ciki.

Wanki, wanda shi ne rabin aikin

A nan ne aikin yake ci ko ya faɗi, kuma a nan ne mutane suka fi yin gaggawa. Robar mota ba sumul take ba, tana da ƙananan ramuka da aka yi mata da gangan, kuma a cikin shekara ashirin waɗannan ramuka sun cika da ƙura da ragowar sabulu da folish da man shafin taya da duk abin da masu wanki suka taɓa gogawa. Duk maganin da aka ɗora a kan wannan datti, dattin zai kama, ba robar ba, kuma zai bi ruwan farko ya tafi.

A fara da wanke motar gaba ɗaya yadda aka saba, domin kada ƙasa ta gangaro daga sama ta ɓata wurin da aka gyara. Daga nan a haɗa ruwan sabulu mai ɗan ƙarfi, a jiƙa ɓangare ɗaya na robar da bai wuce tsawon hannu ba, a bar shi minti biyu, sannan a goge da buroshi ana zagayawa, a sake gogewa a tsaye da kuma a kwance domin gashin buroshin ya shiga ramukan ta kowace fuska. Kumfar farko za ta fito ruwan ƙasa ko ruwan toka. A ɗauraye, a sake, har sai kumfar ta fito fara. A bambar da aka daɗe ana shafa mata mai, ba abin mamaki ba ne a yi haka sau uku ko huɗu. Alamar cewa maiƙo ya fita ita ce ruwa ya shimfiɗu a kan robar ya jiƙa ta bai ɗaya. Idan har yanzu yana dunƙulewa ƙwaya-ƙwaya yana gangarewa, to da sauran mai a wurin. Kada a bar sabulu mai ƙarfi ya bushe a kan fenti ko gilashi, a riƙa ɗauraye kewayen a kai a kai.

Idan gwajin farce ya nuna farin gari, sai a ƙara da soson goge tukwane marar ƙarfe, mai laushi, a jiƙe, a bi robar a hankali da nauyin hannu kawai, har garin ya daina fita. Ba a son samfefa a kan roba mai ramuka, domin tana share ramukan ta bar fili mai santsi wanda zai fita dabam da sauran ko bayan an gama.

Bayan wanki sai bushewa, kuma bushewa ta gaskiya. Ruwa yakan ɓuya a bayan robar gefen ƙofa da ƙarƙashin madubi da cikin ragar da ke ƙasan waifa, ya jira sai an gama shafi sannan ya gangaro ya bar layi. A goge da tawul, a buɗe ƙofofi a rufe domin ruwan ya zubo, a bar motar aƙalla awa ɗaya ko biyu, idan akwai injin hura iska a bi lungunan da shi. A wannan mataki robar za ta fi muni fiye da yadda take kafin a fara, domin an tuɓe mata duk abin da ke rufe da ita, kuma wannan alama ce ta cewa wankin ya yi kyau.

Daga ƙarshe a zuba sifirit a tawul mai tsabta a goge robar duka, ana juya tawul ɗin, har ya daina ɗaukar datti. Kada a musanya sifirit da tina, wato ruwan da ake sirka fenti da shi, ko fetur ko maganin cire jan farce, domin suna iya lalata robar ABS, suna kuma iya cin fenti. Idan ya bushe sai a manna tef a gefen fenti da gilashi da fitilu duk inda suka haɗu da robar. Minti goma sha biyar da za a ɓata wajen manna tef sun fi awa ɗaya ta kankare baƙin tabo daga farin fenti.

Hanya ta farko: shafi marar launi

Wannan ita ce ta robar da ta koma baƙa a gwajin ruwa. Akwai nau'i biyu. Na farko man kariya ne irin su 303 Protectant ko Meguiar's Ultimate Black, masu sauƙin shafawa amma sai an riƙa sabuntawa bayan 'yan makonni. Na biyu shi ne shafin siramik, irin su Cerakote Trim Coat da Gtechniq C4 da CarPro DLUX, wanda ke shiga tsage-tsagen ya daskare a ciki ya zama sabuwar fata mai tauri. A ganina, ga motar da ke kwana a waje tana wuni a rana, na biyun ne ya cancanci wahalar wankin da aka sha.

A sa safar hannu, a ɗiga kaɗan a soso, a fara gwadawa a ƙasan bamba. Idan ya yi daidai, a shafa a layi ɗaya daga gefe zuwa gefe ba tare da tsayawa a tsakiya ba, kowane layi ya ɗan hau kan wanda ya gabace shi, kuma a gama ɓangare ɗaya kafin a koma wani. Shafi siriri ake so. Idan ya yi kauri yakan bushe da ƙyalli a wani wuri da dishi-dishi a wani. Wasu nau'o'in ana goge rararsu da tawul bayan minti ɗaya ko biyu, wasu kuma ba a taɓa su sam, saboda haka a karanta abin da ke jikin kwalbar a bi shi. Duk ɗigon da ya taɓa fenti ko gilashi a goge shi nan take, domin idan ya daskare sai da injin folish. Kamfanoni sun bambanta wajen lokacin da suke cewa a jira kafin ruwa ya taɓa, amma mafi aminci a ba shi awa 24 cur, a kuma jinkirta wanki da sabulu har mako guda.

Hanya ta biyu: rini

Idan robar ta ƙi yin baƙi ko a jiƙe, sai a nemi maganin da ke ɗauke da baƙin launi a cikinsa, irin su Solution Finish ko Forever Black. A girgiza kwalbar sosai domin launin yana kwanciya a ƙasa. A shafa kaɗan-kaɗan ana dannawa domin ya shiga ramukan, a bar shi ɗan lokaci kamar yadda kamfanin ya faɗa, a goge rarar da tawul ɗin da ba a damu da shi ba, domin ba zai sake fari ba. Robar da ta bushe ƙwarai takan shanye shafin farko ta bar wurare masu haske. Kada a cika mata a lokaci guda, a jira ya bushe a ƙara na biyu siriri. Rini yana kama tufafi da hannu da siminti, don haka a shimfiɗa kwali a ƙasa. Wanda ya samu hali, bayan rinin ya bushe na kwanaki, zai iya ɗora man kariya a kai domin rana ta fara cin man kafin ta kai ga launin.

Hanya ta uku: fenti

Fenti shi ne ya fi daɗewa idan an yi shi daidai, shi ne kuma ya fi muni idan an yi kuskure, domin folifirofilin roba ce da fenti ba ya kama ta da kansa. Shi ya sa ake ganin bambar da aka fesa da fentin jikin mota tana ɓarewa falle-falle bayan 'yan watanni. Abin da ya dace shi ne a cire robar daga motar, a yi hankali da maɓallan da ke riƙe da ita domin tsofaffi ne kuma suna karyewa, gara ma a tanadi sababbi tun kafin a fara. A wanke kamar yadda aka bayyana, a ɗan kankare ko'ina da soso mai kaushi domin fentin ya samu abin kamawa, a goge da sifirit. Daga nan a fesa faraima ta musamman ta roba, wadda aikinta shi ne haɗa fenti da robar PP, siririya, a jira mintunan da gwangwanin ya faɗa. Sai a kawo fentin da aka yi domin bamba, irin su SEM Trim Black ko Dupli-Color Trim and Bumper, mai lanƙwasuwa tare da robar kuma marar ƙyalli sosai. A riƙe gwangwanin santimita 20 zuwa 25 daga robar, a fara feshin kafin a iso bakinta a kuma saki bayan an wuce ɗaya bakin, a yi hawa uku sirara da tazarar minti biyar zuwa goma a tsakani. Hawa mai kauri yana cike ramukan robar ya kuma zubo kamar hawaye. A sa takunkumi, a yi a wuri mai iska nesa da wuta da janareta, a bar kayan su kwana kafin a mayar da su.

Batun wuta da sauran dabarun bakin titi

Mutane da yawa sun ga yadda ake hura wa bamba iska mai zafi ta koma baƙa a gaban ido, kuma gaskiya ne tana komawa, domin zafin yana narkar da fatar sama, tsage-tsagen su haɗe. Sai dai folifirofilin yana narkewa ne a wajen digiri 160 zuwa 165, na'urar hura zafin kuwa tana iya haura digiri 500, saboda haka tsakanin gyara da ɓarna daƙiƙa ɗaya ce ko biyu. Hannu ba ya iya raba zafi daidai, shi ya sa bambar kan fito da ratsi-ratsi, wani wurin ya yi santsi, wani ya lanƙwashe, fentin da ke kusa ya kumbura. Ko an yi nasara, sabuwar fatar ba ta da wata kariya daga rana, takan sake koɗewa, kuma kowane zagaye yana ƙara wa robar gautsi. Ba na ba da shawarar wannan hanya, balle a yi ta da harshen wutar gas kusa da tankin mai.

Ni kaina na taɓa kai mota wanki aka shafa wa bambarta baƙin mai ba tare da an tambaye ni ba, na karɓe ta tana sheƙi, bayan kwana uku ƙura ta manne mata ta zama ja kamar bangon ƙasa, sai da na yi wanki huɗu kafin maiƙon ya fita. Man gyaɗa da basilin da kiwin takalmi duk hanyarsu ɗaya ce. Wanda ya fi su haɗari shi ne man birki, domin yana cin fenti, kuma ɗigo ɗaya da ya gangara kan ƙofa zai iya ɗaga fentin wurin. Haka kuma kada a shafa wani abu mai santsi a kan matakalar gefe ko saman bambar baya inda ake taka ƙafa, kuma a taƙaita shafi a robar da ke ƙasan gilashin gaba, domin idan ya yi yawa ruwan sama zai kai shi kan waifa ta riƙa shafa maiƙo a gilashi da dare.

Kula da ita bayan gyara

Rana ce ta yi ɓarnar tun farko, kuma ba ta daina ba. Rumfar kwano ko inuwar dalbejiya ko mayafin mota suna ƙara wa aikin rai fiye da kowane magani, kuma ko juya motar kawai, yau gabanta ga rana gobe bayanta, yana hana ɓangare ɗaya riga ɗaya koɗewa. A daina wanke motar da omo, domin ƙarfinsa yana tuɓe kariyar da aka shafa, a koma sabulun wankin mota, a kuma gaya wa mai wanki ƙarara cewa kada ya shafa wa robar komai. Duk lokacin da za a yi wa fenti folish a fara manna tef a bakin robar.

Robar da ke kewaye da ƙofofi da tagogi, mai taushi, ita nau'i ce dabam, kuma man fetur da danginsa suna kumbura ta. A goge ta da ruwan sabulu marar ƙarfi, a shafa mata man silikon kaɗan sau biyu ko uku a shekara, musamman gab da shigowar hunturu. Ita kuwa bambar da aka gyara, a riƙa lura da ita lokacin wanki: muddin ruwa yana dunƙulewa a kanta yana gangarewa, kariyar tana nan, ranar da ya fara shimfiɗuwa yana jiƙa ta, lokacin sabuntawa ya yi, kuma a wannan karon wanki ɗaya da gogen sifirit da shafi ɗaya siriri sun isa.